Yadda za ka amfana da binciken ƙiba da tsawon telomiya ba tare da an ruɗe ka ba

Duk wanda ya taɓa lura da saƙar tabarma ya san cewa bakinta ne ke riƙe da ita, domin ranar da ɗaurin bakin ya sake, ranar ce kabar za ta fara warwarewa ko da tsakiyar tana nan garau. Irin wannan ɗauri yana nan a cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam. A cikinsu akwai kromozom 46 da ke ƙunshe da bayanan gado, kuma a kowane baki na kromozom akwai wata jela ta DNA (sinadarin da aka rubuta bayanan gadon da shi) da ake kira telomiya, wadda haruffa shida ne kawai, TTAGGG, da aka yi ta maimaitawa fiye da sau dubu. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu domin sabunta jini ko fata ko bangon hanji, sai jelar ta ɗan gajarta, har ta kai matakin da ƙwayar ke daina rabuwa. Leonard Hayflick ne ya nuna a 1961 cewa ƙwayoyin mutum suna da iyakar rabuwa, sannan a 2009 aka ba Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda telomiya ke kare kromozom da kuma sinadarin telomeras da ke iya ƙara mata tsawo.

Tun daga nan ake ta jin labarin cewa ƙiba tana cinye telomiya, tana tsofar da mutum kafin lokacinsa. Maganar tana da tushe, amma sau da yawa ana kumbura ta, musamman a bakin masu sayar da magungunan da suke cewa suna mayar da tsoho yaro. Abin da mai karatu ke buƙata shi ne ya san girman alaƙar, ya san a jikin su wa aka gwada ta, sannan ya san abin da zai yi da kansa a gida.

Ka fara da tambayar girman alaƙar

Binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne wanda aka buga a mujallar Lancet a 2005, inda aka auna telomiyar fararen ƙwayoyin jini na mata Turawa 1,122 a Birtaniya. An samu cewa a kowace shekara ta rayuwa telomiya tana raguwa da haruffa kimanin 27, kuma ta mata masu ƙiba ta gaza ta sirara da haruffa 240, wato kamar ƙarin tsufa na kusan shekara tara. Wannan adadi ne ya yaɗu a jaridu, kuma har yau shi ake yawan maimaitawa.

Sai dai ilimi ba ya tsayawa a kan bincike guda. A 2018 an tattara sakamakon bincike 87 da suka shafi mutane fiye da 146,000, aka sake lissafinsu a dunƙule, sai aka ga cewa duk ƙarin maki ɗaya a ma'aunin ƙiba na BMI yana tafiya da gajartar telomiya ta haruffa kusan huɗu, kuma a tsakanin 'yan shekara 18 zuwa 60 adadin ya kai kusan takwas. Yana da kyau ka yi lissafin nan da kanka, domin shi ne zai hana a tsorata ka. Idan mutum biyu sa'annin juna ne, ɗaya BMI ɗinsa 22 ɗaya kuma 32, tazarar maki goma ke nan, wadda za ta ba da bambancin haruffa 40 zuwa 80. Ka raba wannan da abin da shekara ɗaya ke ci, za ka samu kimanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya damu da lafiyarsa, amma ya yi nisa da shekara tara, kuma bai kai bambancin da ake samu tsakanin mutum da mutum tun daga haihuwa ba, wanda kan kai dubban haruffa.

Saboda haka duk sanda ka ga kanun labari yana cewa ƙiba tana ƙara wa mutum shekara kaza, ka nemi sanin mutum nawa aka gwada, kuma sau nawa aka auna kowannensu. Mafi yawan waɗannan bincike awo ɗaya suke yi wa mutum a rana ɗaya, su kwatanta shi da wasu. Irin wannan tsari yana nuna cewa abubuwa biyu suna tafiya tare, amma ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan, tunda mai ƙiba yana iya kasancewa yana shan taba, ko ba ya motsa jiki, ko yana cikin matsin rayuwa, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan an danganta shi da gajeriyar telomiya.

Ka tambaya: a jikin su wa aka yi awon?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafarmu, kuma ita aka fi tsallakewa. Wancan babban tattarawa na 2018 ya bayyana cewa alaƙar ƙiba da gajartar telomiya ta fi fitowa ne a tsakanin fararen fata, waɗanda su ne mafiya yawa a cikin waɗanda aka gwada. Wannan ba hujja ba ce ta cewa ƙiba ba ta taɓa telomiyar baƙar fata ko mutanen Asiya. Abin da yake nunawa shi ne, idan rukuni ya yi ƙaranci a cikin bincike, ƙaramar alaƙa irin wannan tana iya ɓuya, kuma bai kamata a ɗauki adadin da aka samu a Landan a ɗora shi kai tsaye a kan mutumin Kano ko Maraɗi ba.

Akwai dalilai da dama na wannan taka-tsantsan. Na farko, tsawon telomiya ya bambanta tsakanin al'ummomi tun asali. Binciken da aka yi a Amurka ya sha nuna cewa baƙaƙen fatar ƙasar suna da telomiyar fararen ƙwayoyin jini da ta fi ta Turawa tsawo, duk da cewa hawan jini da ciwon sukari sun fi yawa a cikinsu, kuma awon da aka yi wa mazauna Afirka kudu da Sahara ya nuna tasu ta ma fi ta baƙaƙen Amurka tsawo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa doguwar telomiya ba takardar shaidar lafiya ba ce. Na biyu, muhalli yana da nasa hannun. A 2024 masana daga Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsu sun buga sakamakon awon da suka yi wa manya fiye da 1,800 a Tanzaniya da Botswana da Habasha da Kamaru, inda suka ga cewa mazauna yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu suna da gajeriyar telomiya idan aka kwatanta su da mazauna yankunan da yake da sauƙi. Dalilin da ake hasashe a fili yake, domin cutar da ke tilasta wa jiki ya riƙa sabunta ƙwayoyin jini da yawa tana sa ƙwayoyin su yi ta rabuwa. Ga mutumin da ya tashi inda kowace damina ke zuwa da zazzaɓi, ƙiba ɗaya ce daga cikin abubuwan da ke cin bakin tabarmar, ba ita kaɗai ba.

Shekaru ma suna canza hoton. Alaƙar ta fi ƙarfi a matasa da masu matsakaitan shekaru, tana raguwa bayan shekara 60. Tsoho yana iya ramewa saboda ciwo, sai ya shiga sahun sirara alhali jikinsa ya riga ya gaji, kuma tsoka tana zubewa da tsufa, sai BMI ya daina faɗin gaskiyar kitsen da ke jiki. Darasin da ke ciki na matasa ne: shekarun da tumbi ke fara fitowa, bayan aure ko bayan samun aikin zama a ofis ko a shago, su ne shekarun da ɓarnar ta fi tasiri. Ka kuma sani cewa telomiyar mata ta ɗan fi ta maza tsawo a matsakaici, haka nan 'ya'yan da aka haifa lokacin da mahaifinsu ya manyanta sukan zo da doguwa, don haka kwatanta kanka da wani mutum guda ba shi da ma'ana.

Me ya sa tumbi ya fi sikeli muhimmanci

Kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, ba ajiya ba ce da ke kwance shiru. Yana fitar da sinadaran da ke haddasa wani ɓoyayyen kumburi mai ɗorewa a cikin jiki, wanda ba a jin zafinsa amma ana ganin alamarsa a gwajin jini. Wannan kumburi yana sa fararen ƙwayoyin jini su yawaita rabuwa, kuma kowace rabuwa tana gutsurar telomiya. Ban da haka, yawan kitse da yawan sukari a jini suna ƙara wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu cin sassan ƙwaya kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma harafin G, wanda ya zo sau uku a jere a cikin telomiya, shi ne ya fi saurin kamuwa da wannan tsatsa. Tunda kitsen ciki ne kan gaba a wannan aiki, awon ƙugu ya fi awon nauyi gaya maka inda ka tsaya.

Yadda za ka auna kanka

Ka fara da BMI domin shi ne harshen da likitoci da masu bincike ke magana da shi. Ka hau sikeli da safe kafin karin kumallo, da tufafi marasa nauyi, ba da babbar riga ko takalmi ba. Ka jingina da bango ba takalmi ba hula, wani ya sa alama a saman kanka, a auna tsawon da mita. Sai ka ninka tsawon da kansa, ka raba nauyin da abin da ya fito. Mutum mai kilo 85 da tsawon mita 1.70 zai ninka 1.70 sau 1.70 ya samu 2.89, ya raba 85 da shi ya samu 29.4. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya zarce, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce. To amma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sauko da waɗannan iyakoki ga mutanen da asalinsu Afirka ne ko Asiya ko Gabas ta Tsakiya, ta mayar da su 23 da 27.5, saboda ciwon sukari yana kama su a nauyin da bai kai na Turawa ba. Ka ga ke nan mutumin misalinmu, wanda ma'auni ɗaya ya ce bai kai ga ƙiba ba, ɗaya ma'aunin ya riga ya saka shi ciki.

Daga nan sai awon ƙugu, wanda ba ya buƙatar komai sai tef ɗin tela. Ka tsaya a miƙe, ƙafafu kusa da juna, ka laluba haƙarƙarinka na ƙarshe da kuma saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef ɗin a tsakiyar su biyun, wanda yawanci yake ɗan sama da cibiya. Kada ka auna a inda mazagin wando ke zama, domin mai tumbi yakan ɗaura wandonsa a ƙarƙashin tumbin, sai awon ya yi masa ƙarya. Tef ɗin ya kwanta a kan fata ba tare da ya nutse ba, ka saki numfashi yadda ka saba, kada ka shanye ciki, sannan ka karanta. Ka maimaita sau biyu. Ga namiji, santimita 94 alamar gargaɗi ce, 102 kuwa haɗari ne babba. Ga mace iyakokin su ne 80 da 88.

Waɗannan lambobi daga jikin Turawa aka samo su, shi ya sa na fi son hanya ta uku, wadda take aiki ga dogo da gajere, mace da namiji: ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka. Ko tef babu, zare ya wadatar. Ka auna tsawonka da zaren daga tafin ƙafa zuwa saman kai, ka yanke, ka ninka shi biyu, ka zagaya ƙugunka da shi. Idan bakunan sun haɗu da sarari, kana cikin iyaka. Idan sun ƙi haɗuwa, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gabanka. Mace mai juna biyu ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba ba za ta yi amfani da waɗannan awo ba, haka nan wanda cikinsa ko ƙafafunsa suka kumbura da ruwa, domin wannan ba ƙiba ba ce, alama ce ta ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta da ke buƙatar asibiti ba da jinkiri ba.

Abin da za ka canza, da wanda za ka fara da shi

Kada ka ɗora wa kanka burin komawa jikin samartaka. Rage kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyi, wato kilo huɗu zuwa takwas ga mai kilo 85, ya isa ya sauko da sukari da hawan jini da alamun kumburin nan. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su neman rage kashi bakwai na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, kuma gwajin ya haɗa da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da Asiya. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau.

Ka fara da abin sha, domin nan ne sukari ke shiga ba tare da ciki ya ji ya ƙoshi ba. Robar lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari kimanin giram 50, wato fiye da ƙaramin cokali goma sha biyu, kuma wannan shi ne kusan dukan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wa babban mutum a yini. Wani nazari da aka buga a 2014 a kan Amurkawa 5,309 ya samu gajeriyar telomiya a wurin masu shan lemon kwalba kullum. Amma kada ka tsaya a kan lemon kanti kaɗai. Shayi mai kauri da madarar gwangwani, da zoɓo da kunun zaƙi da fura da aka cika wa sukari, duk hanyarsu ɗaya. Ka rage cokali ɗaya duk mako har harshe ya saba.

A wajen abinci, ba sai ka bar tuwo ba. Ka rage malmala, ka ƙara miya mai ganye, kuka ko kuɓewa ko alayyafo ko rama ko zogale, ka rage man da ke yawo a samanta. Gero da dawa da acca da wake sun fi farar shinkafa da burodi da taliyar leda riƙe ciki, kuma ba sa ɗaga sukari da sauri kamar su. Soye-soye irin fanke da ƙosai da soyayyar doya su koma na lokaci-lokaci. Ladabin da muka taso da shi na raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi, ya fi kowane tsarin rage ƙiba da ake tallatawa sauƙin riƙewa, kuma a watan azumi ne aka fi buƙatarsa, lokacin da wasu ke fitowa da nauyin da ya fi wanda suka shiga da shi.

Akwai abin da ba zan iya wucewa ban ambata ba, domin yana ci mini rai. Har yanzu a wurare da yawa ana ɗaukar ƙiba a matsayin shaidar hutu da kyakkyawan riƙo, har amarya ko matar aure ta shiga shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin ta ciko. Da yawansu magungunan asibiti ne irin deksametason da ake bayarwa domin wasu cututtuka, kuma shansu ba bisa ƙa'ida ba yana tara kitse a ciki da fuska, yana jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin yankewar gaggawa tana da nata haɗarin. Ta je wurin likita ya tsara mata yadda za ta sauka a hankali.

Motsa jiki kuwa, abin da ake nema shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya mai sauri, irin wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashinka ya ɗaga. Minti talatin bayan sallar asuba ko bayan la'asar, kwana biyar a mako, ya cika mafi ƙarancin adadin. A wani gwaji da aka yi a Jamus aka buga a 2019, mutanen da suka yi wata shida suna gudu ko sassarfa sau uku a mako sun samu ƙaruwar aikin telomeras a ƙwayoyin jininsu, abin da ba a gani ba a wurin masu ɗaga ƙarfe kaɗai, ko da yake ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako yana da nasa amfanin wajen sarrafa sukari. Mai shan taba ya sani cewa wancan binciken na 2005 ya samu ɓarnar taba a kan telomiya dab da ta ƙiba, don haka barinta yana gaba da komai. Barci na awa bakwai, da kwana cikin gidan sauro, su ma suna cikin lissafin.

Kada ka sayi gwaji, kada ka sayi maganin ƙara tsawo

Akwai kamfanonin da ke karɓar ɗigon jini ko yawu su aiko maka da abin da suke kira shekarun jikinka na haƙiƙa. Hanyar da galibinsu ke bi an ƙirƙiro ta ne domin kwatanta dubban mutane a bincike, kuma kuskuren awonta ga mutum ɗaya yana iya fin dukan bambancin da ƙiba ke kawowa. Ƙari a kan haka, jadawalin da za su kwatanta ka da shi ba daga mutanen da suka yi kama da kai aka gina shi ba. Likitoci suna auna telomiya ne a wasu cututtukan gado da ba kasafai ake samunsu ba, masu lalata ɓargo ko huhu.

Kada kuma ka sa rai cewa rage nauyi zai mayar da abin da ya riga ya gutsure. Wani gwaji na shekara guda a kan mata 439 da suka daina al'ada a Amurka bai ga bambancin tsawon telomiya tsakanin waɗanda suka rage nauyi da waɗanda ba su rage ba, ko da yake wasu ƙananan gwaje-gwaje sun ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa. Maganin da ke alƙawarin tsawaita telomiya kuwa, a yi hattara da shi ta fuska biyu. Mafi yawan ƙwayoyin ciwon daji da telomeras suke dogara wajen rabuwa ba iyaka, kuma nazarin gado da aka buga a 2017 ya nuna cewa waɗanda suka gaji doguwar telomiya suna da ƙarancin ciwon jijiyoyin zuciya amma sun fi fuskantar wasu nau'o'in ciwon daji, kamar na ƙwaƙwalwa da huhu da fata.

Kuɗin da za ka kashe a can, ka kai su asibiti mafi kusa a duba maka hawan jini da sukarin jini kafin karin kumallo, da kitsen jini idan da hali, musamman idan ka haura shekara 40 ko akwai mai ciwon sukari a gidanku. Ka samu ɗan littafi ka rubuta kwanan wata da nauyi da awon ƙugu da sakamakon gwajin. Ka maimaita awon ƙugu a farkon kowane wata, da tef ɗaya, a wuri ɗaya, da safe. Idan wata uku suka wuce kana bin tsarin amma tef bai motsa ba, ko kuma nauyi yana zubewa da sauri ba tare da ka nema ba, ga yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ka ɗauki littafin ka je wurin likita da shi.